Na Karɓi Kuɗin Masu Karatu, Labarin Kuma Ya Tsaya Mini A Tsakiya

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya ƙoƙari? Don Allah a sakaya sunana. Ni matar aure ce, shekarata 29, 'ya'yana uku, ƙaramin wata tara gare shi. Ina koyarwa a wata makarantar firamare mai zaman kanta a Zariya. Tun ina sakandare nake son rubuta labari, shekara uku da suka wuce kuma na fara rubutawa a waya ina turawa a guruf ɗin WhatsApp. Labari huɗu na fara, ɗaya kacal na kai ƙarshensa, shi ma gajere ne.

Na huɗun ne ya zame mini damuwa. Da na saki shafukan kyauta mutane sun so shi sosai, sai wata ƙawata marubuciya ta ce in mayar da shi na kuɗi. Mutum arba'in suka biya naira ɗari biyar-biyar, na buɗe musu guruf na daban, na yi alkawarin shafi ɗaya kullum. Wata guda na riƙe alkawarin, ina taifin har ƙarfe ɗaya na dare. Daga nan yarona ya kwanta rashin lafiya, jarrabawar yara ta zo, wayata kuma ta faɗa ruwa ta tafi da shafi shida da ban kai ga turawa ba. Yau wata biyu ko layi ɗaya ban rubuta ba. In na ɗauki waya sai gabana ya faɗi, in buɗe labarin in zuba masa ido, in rufe in koma kallon bidiyo. Wasu masu karatu suna lallashina, wasu suna habaici, wata ma ta fito fili ta kira ni maciya amana.

Maigidana da ma ba so yake ba. Ya ce kullum kaina yana cikin waya, kuma marubutan intanet ba su da aiki sai batsa, alhali bai taɓa karanta abin da na rubuta ba. Ƙawar tawa tana fitar da littafi duk bayan wata biyu, ni ko sai buri. Anti yaya zan yi in riƙa rubutu a kai a kai ba tare da na cuci gidana ba? Ko dai in haƙura, rubutun ba baiwata ba ce?

Daga wata baiwar Allah, Zariya.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ƙara wa yaro lafiya, Ya raya miki su duka ukun bisa tafarki madaidaici. Tambayarki ta ƙarshe zan fara amsawa, domin na san ita ce take hana ki barci. Baiwa kina da ita. Mutum arba'in ba sa cire kuɗinsu a wannan zamani su ba wadda labarinta bai kama su ba, kuma wadda ke miki masifa ma son jin ƙarshen labarin ne ya tunzura ta. Abin da ya karye miki tsarin aiki ne, kuma tun ranar da kika kafa shi a karye yake, rashin lafiyar yaro da faɗawar waya ruwa fito da shi fili kawai suka yi.

Ki duba abin da kika ɗora wa kanki. Shafi ɗaya na irin labaran da ake turawa a guruf yakan kai kalma dubu ko fiye, wanda in da babban yatsa ake bugawa a waya, ga tunani ga gyara, awa biyu ba ta cika isa ba. Daga ina kika samo awa biyun nan? Safiyarki ta makaranta ce, yammacinki na girki da aikin gida na yara ne, sai kika yanko su daga barcinki, ke da kike shayarwa kuma za ki tsaya gaban aji ƙarfe takwas. Sannan abin da kika rubuta a daren shi kike turawa a daren, babu ko shafi ɗaya a ajiye don ranar da zazzaɓi zai shigo gida. Kin zama kamar mai sayar da abincin da ta karɓi kuɗin mutane suka jeru da kwanukansu, alhali a lokacin take hura wuta. Ko wace ce aka sa a wannan hali sai ta gaza, don haka ki daina ɗaukar abin a matsayin shaidar lalaci.

Faɗuwar gaban da kike ji in kin ɗauki waya ma akwai dalilinta. A cikin wayar nan labarin yake, a cikinta kuma masu bin ki bashi suke. Kina buɗe ta don ki rubuta abin da jarumarki za ta ce wa uwar mijinta, sai ki ga saƙonni tamanin sun taru a guruf, kuma kin san abin da ke ciki. Zuciyar da ke cikin kunya ba ta iya ƙirƙira. Shi ya sa ba zan fara ce miki ki tashi da asuba ki yi rubutu ba, sai mun fara sauke nauyin mutanen nan.

Masu karatunki suna da hakki a kanki, wannan ba na ɓoye miki. Alkawari kaya ne, kuma wata a cikinsu ta yiwu kuɗin datarta na mako ta haƙura da shi ta biya ki. Wadda ta kira ki maciya amana ta yi tsauri, amma ki sa kanki a matsayinta: ta biya, an ɗauke ta an kai ta tsakiyar labari, sai aka yi shiru wata biyu ba bayani. Jinkirin bai kai shirun ciwo ba. Mafi yawan masu karanta littattafan nan mata ne irinki, masu goyo da girki da miji, in kika gaya musu gaskiya za su fahimta fiye da yadda kike zato. Ki rubuta musu saƙo gajere, ba dogon ban haƙuri mai kuka ba, misali ki ce: “Assalamu alaikum 'yan'uwa, ina neman afuwarku bisa shirun da na yi. Yarona ne ya yi rashin lafiya, wayata kuma ta lalace da wasu shafuka a ciki. In sha Allahu zan ci gaba ranar kaza, shafi biyu a mako, Talata da Juma'a, har mu kammala. Wadda ba za ta iya jira ba ta yi mini magana ta gefe in mayar mata da kuɗinta, ba komai wallahi.” Ranar da za ki sa ta kasance bayan mako uku ko huɗu daga yau, kada zumuɗin wanke kai ya sa ki ce gobe.

Zancen mayar da kuɗin da gaske nake. Duka-duka naira dubu ashirin ne, kuma ina kyautata zaton ƙalilan ne za su nema. Ko da rabinsu suka nema kika biya su a hankali daga albashinki, kin sayi kwanciyar hankalin da ta fi kuɗin daraja. Bayan kin tura saƙon ki kashe ƙarar guruf ɗin, ki nemi wata amintacciya daga cikin masu lallashin naki ki ba ta admin ta riƙa amsa masu tambaya. Ke ba za ki shiga ba sai ranar turawa.

Shafuka shidan da suka tafi da waya, na san zafinsu, kuma ina jin su ne suka fara sanyaya miki gwiwa. Kada ki zauna kina ƙoƙarin tuno su kalma da kalma, ba za su dawo haka ba, kuma duk jimlar da kika rubuta za ki riƙa jin ta farko ta fi ta. Ki ɗauki takarda ki rubuta abin da ya faru a cikinsu cikin layi goma: wa ya zo, me aka faɗa, wa ya yi fushi, ina aka tsaya. Daga nan ki rubuta su sabbi, kina sane cewa babu mai karatun da ya ga na farkon balle ya gwada. Daga yau kuma duk abin da kika buga ki tura wa kanki ta imel a ranar, ko ki riƙa rubutu a Google Docs inda yake ajiye kansa da zarar kin kunna data. Imel ɗin yana da wani amfani: yana ɗauke da kwanan wata, in wata ta kwafi labarinki ta liƙa sunanta, kina da abin nunawa. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya tana kare rubutu tun daga lokacin da aka rubuta shi, ko ba a buga shi a ɗab'i ba.

To yanzu mu zo kan lokaci. Ki cire wa ranki cewa akwai wata rana mai zuwa da gida zai yi tsit, a kawo wuta, yara su yi barci da wuri, ilhama ta sauko. Mai 'ya'ya uku da aikin koyarwa ba ta samun irin wannan rana sai jefi-jefi, kuma littafi ba ya rubutuwa da jefi-jefi. Abin da za ki nema minti ashirin ne zuwa talatin, a lokaci guda kullum, kwana biyar a mako, ki jingina shi da wani abin da ba kya tsallakewa. Mata da yawa bayan sallar asuba ya fi musu, in sun idar da azkar, kafin su ɗora ruwan wankan yara. Amma ke mai goyon ɗan wata tara ce, in ya hana ki barci da dare kada ki ƙara kwashe wanda ya rage. Ki duba lokacin tara a makaranta, ko darasin da ba ki da aji, ko rabin awar nan bayan an tashi kafin mai adaidaita ya zo. Kujerar baya ta aji, yara suna waje suna wasa, ta ishi marubuciya. Ki gwada ɗaya na mako biyu, in bai zauna ba ki sauya, amma kada ki bar shi a “duk lokacin da na samu sarari”, domin sararin ba zai samu ba.

Kada ki raina minti ashirin ɗin. Kalma 300 ba ta fi cikin shafi ɗaya da rabi na littafin rubutun ɗalibanki ba. Kwana biyar ya ba ki 1,500 a mako, wata shida kuma ya kai ki wajen 39,000, wanda cikakken littafi ne. Da wannan lissafin ne za ki tsara alkawarinki: in kalma 1,500 kike samarwa a mako, to shafukan Talata da Juma'a su zama matsakaita, kuma makonni ukun da kika nema ki tara aƙalla shafi shida kafin ki saki na farko. Ƙa'idar da nake so ki riƙe da ƙarfi ita ce abin da kika rubuta yau ba shi za ki tura yau ba. Kullum a samu tazarar mako biyu ko uku tsakanin alƙalaminki da idon masu karatu. Ranar da yaro ya tashi da zazzaɓi, sai ki ɗauko daga ajiya ki tura, ki koma kan jinyarki hankali kwance.

Na ce alƙalami da gangan. Ina ba ki shawara ki sayi littafin rubutu mai ganye sittin da biro, ki mayar da rubutun farko can. Littafi ba ya neman caji, ba ya kawo saƙo, ba bidiyo a cikinsa, kuma duk wanda ya gan ki da shi ya san aiki kike yi. Bugawa a waya sai ta zama aiki na biyu, na ranar Asabar, kuma a nan ne za ki yi gyara, kina bugawa kina sauya abin da bai zauna ba. In kin ga aikin ya zama biyu ya yi miki yawa, to ki rubuta a wayar, amma ki kashe data kafin ki buɗe labarin, kada ki kunna sai kin cika adadinki. Ki kuma tuna cewa waɗanda suka share mana wannan fage ma'aikata ne irinki. Lokacin gasar rubutun Hausa ta 1933 da Hukumar Fassara ta shirya ƙarƙashin Rupert East, Abubakar Imam malami ne a makarantar Midil ta Katsina, yana da shekara 22, ya rubuta Ruwan Bagaja. Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ma yana koyarwa a Bauchi ya rubuta Shaihu Umar. Suna cikin aikin koyarwa suka rubuta. Na san su ba su da goyo a baya, shi ya sa zan ƙara miki da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙaramar yarinya, daga baya ta koma karatu ta ajin manya, ta zama ɗaya daga cikin fitattun marubutan Kano, har aka fassara littafinta Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012.

Akwai dabarar da take sa minti ashirin ya yi albarka. Rubutu ba a kan takarda yake farawa ba. Kina wanke-wanke, kina jiƙa wake, kina cikin adaidaita, ki riƙa juya fitowar gobe a ranki: me Hajiya za ta ce in ta shigo ta tarar da akwatin a buɗe, da wace murya, wa zai fara sunkuyar da kai. In wata magana mai daɗi ta zo miki hannunki da kumfa, ki danna wayar ki naɗi muryarki na daƙiƙa talatin. In kin zauna rubutu sai ya zama kwashewa kike yi. Sannan kada ki riƙa tsayawa a ƙarshen fitowa, ki tsaya a tsakiyarta, a daidai inda kin san abin da zai biyo baya, ki rubuta layi ɗaya a ƙasa don tunatarwa, misali “a nan zai gane ba ita ta ɗauki kuɗin ba”. Gobe kina buɗewa kin san inda za ki sa ƙafa. Farar takarda ce take ba da tsoro, wadda aka fara ba ta yi.

Sai dai akwai abin da wasiƙarki ta nuna wanda ya girmi rashin lokaci: labari huɗu, uku sun tsaya. Ina zargin kina fara labari ne da farkonsa kawai a hannu, wata fitowa mai zafi da ta zo miki, ba tare da kin san inda za a sauka ba. Farkon labari daɗi gare shi, kowa sabo ne, masu karatu suna ta yabo. Tsakiya ce wurin aiki, inda dole duk igiyar da kika saki ki san inda za ki ɗaure ta. A guruf kuma abin ya fi wuya, domin wannan ta ce a kashe kishiyar, waccan ta ce a haɗa jarumar da ɗan'uwan mijin, ke kuma kina son faranta wa kowa, har labarin ya bar hannunki. Kafin ki rubuta ko da shafi ɗaya sabo, ki ba da zama biyu na farko ga wannan aiki: ki rubuta ƙarshen labarin a shafi guda, wa ya samu me, wa ya rasa me, me jarumar ta gane wanda ba ta sani ba a farko. Sannan ki jero manyan abubuwan da dole su faru daga inda kika tsaya zuwa can, layi ɗaya-ɗaya. In sun kai ashirin, kin san saura shafi ashirin ko talatin, kuma aikin da aka san iyakarsa ya fi sauƙin ɗauka. Duk wani reshe da ba ya kai ki ga wannan ƙarshe ki datse shi, ko da masu karatu suna son sa. Sabon labari kuma zai zo yana miki kwalliya a daidai lokacin da wannan ya yi nauyi, haka yake yi wa kowa. Ki rubuta shi cikin layi uku a bangon bayan littafinki, ki bar shi ya jira layinsa.

Yanzu maigida. A nan nake so ki sassauta zuciya ki saurare ni, don na ga kin haɗa maganganunsa biyu kin ɗaure su wuri ɗaya, alhali ba ɗaya ba ne. Maganar cewa kanki kullum yana cikin waya, ki tambayi kanki tsakaninki da Allah ko akwai gaskiya a ciki. Wata guda kina taifin har ƙarfe ɗaya na dare. Shi abin da yake gani mace ce ta juya baya, hasken waya a fuskarta, wani lokaci tana murmushi, bai san da wa ba. Bai ga jarumarki ba, bai ga wahalar da kike sha kan jimla ɗaya ba. Mutumin da ya dawo daga nema yana son a zauna a yi hira, in ya yi ƙorafi ba lallai ƙiyayya ce da baiwarki ba. Wannan ɓangaren ke za ki gyara, kuma sabon tsarin ya riga ya gyara shi, tunda rubutun ya bar dare.

Maganar batsa kuma zato ne, amma ba daga sama ya faɗo masa ba. Tun zamanin da littattafan soyayya suka cika kasuwannin Kano a shekarun 1980 da 1990 ake jifan marubuta, musamman mata, da ɓata tarbiyya, har a 2007 aka ƙona littattafai a bainar jama'a a Kano. Kuma mu faɗi gaskiya, a intanet yau akwai masu rubuta abin da ba za su iya karantawa gaban iyayensu ba, su suka shafa wa sauran baƙin jini. Gardama ba za ta cire masa wannan zato ba, gani da ido ne zai cire. Ki nemi lokacin da ya ci ya ƙoshi ransa a sake, ba lokacin da kuke cikin saɓani ba, ki fara da abin da yake da gaskiya a kai. Ki ce masa, “Abban yara, na lura raba daren da nake yi da waya ya shiga hakkinka, na daina. Amma rubutun nan ina son sa har raina, kuma akwai amanar mutane a kaina. Ga abin da nake rubutawa, don Allah ka duba ko shafi biyu ne, in ka ga abin da bai dace ba ka nuna mini.” In ba mai son karatu ba ne, ki karanta masa da bakinki. Ki gaya masa zancen kuɗin da kika karɓa ma, kada ya ji a bakin wani. Namiji da aka nemi shawararsa yakan zama mai tsaron abin da da yake yaƙa, kuma mai yiwuwa shi ne zai riƙe miki yaron rabin awa ranar Asabar ki yi bugu. In kuma ya karanta ya ga babu aibu amma ya tsaya kan bakansa, kada ki koma yi a ɓoye, ɓoyon ne zai tabbatar masa da zarginsa. Ki nemi wani babba da yake jin maganarsa, yayarsa ko wani malami da ya san darajar rubutu, a zauna a fahimtar da shi cikin mutunci, a kuma nemi yardarsa ko da ta kammala wannan littafin ce don a sauke hakkin mutane.

Ƙawarki mai littafi duk wata biyu, Allah Ya ƙara mata basira, amma ba ki san yadda gidanta yake ba, ko tana da mai taya ta aiki, ko ba ta fita aiki, ko yaranta sun tasa. Shawarar da ta ba ki ta sayar da littafi ba mugunta ba ce, gumin marubuci ya cancanci lada. Gyaran kawai shi ne daga yanzu kada ki karɓi ko sisi kan labarin da ba ki kammala rubutawa ba. Maimakon ki riƙa auna kanki da ita, ki mayar da ita abokiyar tafiya: duk daren Juma'a ki tura mata adadin kalmomin da kika rubuta a makon, lamba kawai, ita ma ta turo nata. Sanin cewa mutum ɗaya mai ƙaunarki yana jiran lambar nan ya fi matsin mutum arba'in amfani. In kina son waɗanda za su karanta su gaya miki gaskiya ba yabo kawai ba, Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, ANA, tana da rassa a jihohi, kuma kina zaune a garin da Jami'ar Ahmadu Bello take, inda ake nazarin adabin Hausa shekara da shekaru.

Za a yi ranakun da ba za ki rubuta ba, ki sa wannan a lissafi tun yanzu. Makon jarrabawa da cike sakamakon yara, goman ƙarshe na azumi, biki ko rasuwa a dangi, waɗannan ki ɗauke su hutu ne da kika ba kanki da saninki, ki kuma sanar da masu karatu tun kafin su zo. In rana ɗaya ta kuɓuce miki haka kawai, kada ki ce gobe sai kin biya da kalma 600, bashin da ake ninkawa shi yake sa a gudu. Ki koma kan 300 ɗinki kamar ba abin da ya faru. Abu ɗaya nake so ki lura da shi a jikinki: in ba rubutu kaɗai ya fita daga ranki ba, in abinci da hira da wasa da yaran ma sun daina miki daɗi, kina yawan kuka ko barci ya ƙaurace ko da yaron ya yi nasa, to wannan ya wuce matsalar marubuci. Yana iya zama ciwon damuwa, wanda yakan samu mata a shekarar farko bayan haihuwa, kuma ana maganinsa. Ki gaya wa ma'aikaciyar lafiya ranar da kika kai yaro awo ko rigakafi, kada ki ji kunya.

In kuma kin gwada duk wannan na wata guda kika ga labarin ya mutu a ranki, ba ya motsi ko kaɗan, akwai mafita mai mutunci. Ki mayar wa kowa kuɗinsa, ki rubuta musu taƙaitaccen yadda labarin zai ƙare a shafi biyu kyauta don kada ki bar su a rataye, ki rufe guruf ɗin. Daga nan ki koma gajerun labarai na ɗan lokaci, tunda wanda kika taɓa kammalawa ma gajere ne, kuma babu abin da ke koya wa marubuci kai labari ƙarshe kamar ya kai shi sau da yawa. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 don mata marubuta gajeren labari take nema, wanda aikin mako ɗaya ko biyu ne a sabon ma'auninki, sai ki bi sanarwarsu don ganin ƙa'idojin shekarar. Amma a yadda na karanta wasiƙarki, ban ga alamar labarin nan ya mutu ba, tsoro ne ya danne shi, kuma na fi son ki kammala shi.

Saboda haka yau da daddare, bayan yara sun kwanta, ki tura wa mutanenki saƙon nan, ki kashe data, ki kwanta da wuri. Gobe a hanyar makaranta ki tsaya shago ki sayi littafin da biro, lokacin tara ki rubuta ƙarshen labarin a shafin farko. Maganar maigida kuma kada ta wuce wannan makon. Bayan wata ɗaya ki sake rubuto mini ki gaya mini shafi nawa kika tara da yadda kuka yi da shi, in akwai inda ya cije sai mu sake dubawa tare. Allah Ya yi miki jagora, Ya sa albarka a alƙalaminki da zuri'arki.